Rasuwar Mzee Elikana Mwakughu da Maganar Ɓaure Mai Lamba Ɗaya

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, Jam'iyyar Idon Ruwa, wadda jama'ar tsaunukan Taita suka fi sani da Chemchemi, tana sanar da 'ya'yanta na dukkan rassa, da masoyanta, da abokan hamayyarta waɗanda muka san su ma ba za su ƙi zuwa cin abincin makoki ba, cewa ta samu labarin rasuwar Shugabanta, ɗaya daga cikin mutum bakwai da suka kafa ta, Uban Rassa, Mai Kula da Wuraren Renon Dashe, Dattijon Coci, Mai Girma Mzee Elikana Mwakughu, wanda Allah ya karɓi ransa da hantsin ranar Talata a gidansa da ke Mgange, yana da shekara tamanin da ɗaya, bayan 'yar gajeriyar jinya.

A madadin Kwamitin Zartarwa, da Majalisar Dattawa, da Ƙungiyar Mata Masu Reno, muna miƙa ta'aziyyarmu ga uwargidansa, Mama Dorcas Wawuda, wadda kowa ke kira Mama Mkamburi, da 'ya'yansa biyar, da jikokinsa, da ikilisiyarsa. Muna kuma ba jama'a haƙuri a kan jinkirin kwana huɗu da aka samu kafin fitar wannan sanarwa. An gama rubuta ta tun ranar Laraba, kuma a waccan ta farko akwai sakin layin da ke bayyana cewa bisa Sashe na Shida na tsarin mulkinmu, wanda ya ce in Shugaba ya rasu, mamban da itacensa ya fi na kowa daɗewa a raye shi ke riƙon jam'iyya, riƙo ya faɗo a kan mai wannan sa hannu, Mwalimu Crispus Mwaluma Righa, mai ɓaure lamba ɗaya. Shekara talatin da biyu ina jiran wannan sakin layi, har telana na Voi ya riga ya yanka koren yadin rigar shugabanci. Dalilin da ya sa aka cire shi zai zo a ƙasa, bayan an ba Marigayi haƙƙinsa.

Tun ranar da ya rasu gidajen rediyo ke ta maimaita cewa Marigayi ne ya kafa wannan jam'iyya “shi kaɗai da fartanyarsa”, kuma saboda tarihi ya zama dole mu gyara. A watan Maris na 1992, lokacin da aka buɗe ƙofar jam'iyyu da yawa a ƙasar nan, mu bakwai ne muka taru a bakin idon ruwan Ndolwa, wanda ya ƙafe tun da aka sare dajin da ke samansa aka cika wurin da itacen turare mai zuƙe ruwa. Akwai malaman makaranta uku, har da ni da ake kira Mwalimu, wato Malam, da unguwarzoma, da mai wa'azi, da kwandastan mota, sai kuma mai ƙona gawayi guda ɗaya, wanda ba a ma gayyace shi ba, ya zo ne don shi ke da diga. Wannan mai gawayin shi ne Marigayi. Shi ya haƙa ramuka bakwai, shi ya sa ya yi dashensa a ƙarshe, itacensa ya samu lamba bakwai. Ni na fara dasawa, a matsayina na wanda ya kira taron, ya rubuta jawabin, ya kuma ɗauko mai hoto daga Wundanyi.

Aƙidar jam'iyya kuwa, wadda a yau ake danganta masa har a cikin waƙoƙin mata, an rubuta ta ne a littafin rubutu na 'yan makaranta, shafi arba'in da biyu, da hannuna, cikin hutun zango ɗaya. A ciki aka ce ƙasa da ruwa amana ce daga waɗanda ba a haifa ba tukuna. Aka ce in ido ya ƙafe ba mai mota ne ke fara jin ƙishi ba, matar da ke ɗaukar jarka ce, don haka maganar daji da maganar adalci ba sa rabuwa. Aka ce shawara daga reshe take tasowa ta hau sama, shi ya sa ba mu da babban tebur a taro, kowa a ƙasa yake zama. Aka kuma haramta duka da jifa, ko da an fara jifan mu. Ranar kasuwar Wundanyi da na tashi karanta wannan, ban kai shafi na biyar ba mutane suka fara watsewa wajen masu kabeji. Sai Marigayi ya hau kan buhu ya ce, “Jama'a, ku tsaya mana! Duk wannan Turancin da Mwalimu yake zubawa, cewa yake ku bar itace a kan tudu, matanku su daina tafiyar awa uku neman ruwa. Ke Mama, wuyanki bai gaji ba?” Kasuwa ta ɗauki shewa. Jam'iyya tana yaba masa da wannan taƙaitawa, tana kuma tunatarwa cewa sai da aka rubuta abu kafin a taƙaita shi.

Haka abin ya ci gaba da tafiya. Da aka zo zaɓen alamar jam'iyya, na kawo zanen duniya da ganye a kanta, wanda na kwana uku ina gyarawa. Marigayi ya ajiye tsohuwar butar ban-ruwansa mai lotsattsen baki a tsakiyar taro, ya ce, “Wannan dai ko kakata ta san ta a takardar ƙuri'a.” Buta ta ci da hannu sittin da ɗaya, duniya ta samu huɗu, ciki har da nawa. Da rikicin gawayi ya taso a 1997, ɓangarena ya nemi a hana sana'ar gaba ɗaya a kuma riƙa kai sunayen masu yi wurin hukuma, har jam'iyya ta kusa rabewa biyu. Marigayi ya ce shi ba zai kai sunan mutumin da suka kwana bakin rami ɗaya ba, sai dai a nuna musu itacen turaren da ke kan idanun ruwa su sare, su yi gawayinsu da shi, su dasa na asali a gurbinsa. Na yi watsi da wannan shawara a rubuce, shafi tara. Da ita aka yi aiki, kuma idanun ruwa goma sha tara da suke gudana a yau daga Mgange zuwa Werugha sakamakonta ne. Muna faɗin haka da bakinmu don kada wani ya riga mu.

Ba mu taɓa cin kujerar majalisar ƙasa ba, kuma ba ma ɓoyewa. Iyakarmu kansiloli biyu, wani zubin ɗaya. Sau uku manyan jam'iyyu suna neman mu narke a cikinsu, sau uku Marigayi yana sauraron wakilansu har su gama, ya ba su shayi da kimanga, dakakken rogo da waken nan namu, sannan ya tambaye su itace nawa ne cikin waɗanda suka dasa gaban kyamara bara yake raye. Daga nan sai su shanye shayinsu su kama hanya. Lokacin da 'yan'uwanmu masu ra'ayin kare muhalli na ƙasashen Turai suka aiko da gayyata, amsa ce ga wasiƙu goma sha ɗaya da na rubuta musu, amma sunan da ke kan gayyatar nasa ne. Na bi shi a matsayin tafinta. Ya tsaya gaban ɗaruruwan mutane da takalmin roba ya yi maganar minti shida, na fassara, na ma ƙara mata gishiri, aka miƙe tsaye ana tafa masa. Ni kuwa wata baiwar Allah ta miƙo mini rigar sanyinsa in riƙe. Sau shida ana zaɓen Shugaba a jam'iyyar nan, sau huɗu ina tsayawa, kuma ko a reshen unguwarmu ban taɓa kayar da shi ba. Na ji haushinsa, ba sau ɗaya ba, ba shekara ɗaya ba, kuma tunda shi ya sani yana raye, ban ga amfanin ɓoye wa jama'a yanzu ba.

Abu guda ne nake da shi wanda ba shi da shi. Kowa ya san ba a sayen katin wannan jam'iyya. Mai son shiga sai ya dasa itacen asali da hannunsa a bakin idon ruwa, a ba itacen lamba, ya jira shekara uku. In ya rayu, a ba shi kati. Sashe na Biyu ya ce wanda itacensa ya mutu bai sake dasawa da hannunsa ba kafin damina biyu su wuce, ya fita daga jam'iyya, kuma rashin sani ba uzuri ba ne. Ɓaurena na Ndolwa, lamba ɗaya, ya fi duk sauran shidan girma da inuwa. Shi ne a kan takardar wasiƙunmu. A gindinsa nake karɓar baƙi, a gindinsa nake yi wa sababbin mambobi lacca a kan manyan mutanen da ke zuwa da jiniya su tura dashe cikin rami da ledarsa, saiwa ta rasa hanyar fita ta nannaɗe ta mutu. Na Marigayi, lamba bakwai, ɗan tsamurmuri ne a gefen dutse. Duk ranar da aka tafa masa har raina ya ɓaci, Ndolwa nake tafiya in dubi nawa in dubi nasa, in dawo da sauƙi.

Wannan jimla ta rashin sani, ni na matsa aka sa ta a babban taron 1993. Marigayi ne kaɗai ya tashi ya yi jayayya, abin da ba halinsa ba. Ya ce, “Mwalimu, a sassauta mana. In mutum ya tafi aikin jam'iyya, wani ya taimaka masa, laifi ne?” Na amsa masa a gaban kowa cewa wanda ya shekara ashirin yana mai da daji toka ba shi zai koya mana tausayin itace ba. Aka yi dariya, ya zauna, ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. Wannan ce kaɗai ƙuri'ar da na taɓa cin sa. Da wannan sashe na kori mutum goma sha ɗaya a tsawon shekaru, har da wata gwauruwa da ta yi jinyar wata takwas a Mombasa.

Ranar Alhamis na tafi Mgange in karanta wa iyali sanarwar farko kafin a fitar. Na tarar da Mama Mkamburi a bayan gida tana ba dashe ruwa da butar nan mai lotsattsen baki, mata na ta jiƙa wake a tsakar gida. Na gyara murya zan fara, ta ce, “Haba Mwalimu, zauna mana. Ka tsaya mini ƙiƙam kamar za ka kira sunayen 'yan aji. Ajiye takardar nan, abokinka ya bar maka saƙo.” Ta shiga ɗaki ta fito da wani tsohon gwangwanin biskit, ta kore kaji, ta tabbatar ba kowa kusa, sannan ta ɗora mini shi a cinya.

A ciki akwai baƙar ledar dashe, ta tsufa har tana karyewa, da busasshiyar saiwa a nannaɗe a cikinta. A jikin ledar akwai lamba ɗaya da farin fenti, irin ɗayan da nake ja wa ƙafa a ƙasa. Rubutuna ne, ni na sa wa ledojin nan bakwai lamba da safen ranar.

Ta ce, “Da ledarsa ka binne shi, Mwalimu. Kana ta jawabi, hannu ɗaya takarda, ɗaya dashe, ka tura shi rami ka take da takalmi. Ka tafi Nairobi neman rajistar jam'iyya wata biyar, abinka ya bushe ƙayau tun Agusta. Baban Mkamburi ya tona ya ga wannan. Ran Lahadi, kowa na coci, ya ɗauki ɗan'uwansa daga cikin dashen da nake reno ya je ya sa a gurbinsa. Wata uku yana fashin coci yana kai masa ruwa, har fasto ya aiko a ji ko ya koma shan giya.” Na tambaye ta wa ya sani. Ta ce, “Ni da shi, shi kuwa ga shi can a kwance.” Na tambaye ta me ya hana shi faɗa mini. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, “Kai? A faɗa maka? Da ka yi murabus da wasiƙa shafi ashirin, sannan wa zai riƙa rubuta musu takardu? Ya ce jam'iyya na da masu haƙa da yawa, mai alƙalami ɗaya ne. Ya ce in ya tafi in ba ka a ɓoye, in ka ga dama ka jefa a murhu, ba mai ji. Ni dai na sauke nauyi. Shayinka na hucewa.”

Da na koma ofis na sauko da hoton ranar kafuwa, wanda yake rataye bayan kujerata shekara talatin da biyu. Mutum shida suna tsaye, kowa ya ɗaga ledarsa da ya cire yana nuna wa mai hoto. Na bakwai, a tsakiya, da taye, ya ɗaga takardar jawabi. Na nuna wa baƙi wannan hoto ya fi sau dubu, fuskata kawai nake dubawa.

Jama'a za su so su ji cewa godiya ce ta fara zo mini. Ba ita ba ce. Haushi ne, irin wanda ban taɓa ji ba ko a Turai. Abu ɗaya tak da nake taƙama na fi shi da shi, ashe shi ma nasa ne. Ɓauren ya fi nasa girma ne don nawa yake fara ba ruwa, nasa ya samu ragowa. Ranar da na yi masa gori a gaban taro, ledar nan tana ƙarƙashin gadonsa, kalma ɗaya ta isa ta gama da ni, ya zaɓi ya murza hula. Sau huɗu ina takara da shi alhali ko mamba ban kasance ba, yana miƙo mini hannu bayan kowace ƙidaya. Yanzu kuma ya tafi ya bar mini kujera a share, da murhu a kusa, don in hau in zauna a kan alherinsa har in mutu.

Kwana biyu gwangwanin yana kan teburina, kuma ba zan ce ban dubi murhu ba. Abin da ya hana ni ba tsarkin zuciya ba ne, kada wani ya tsara mini waƙa. Na dai ga cewa in na ƙona ledar nan, ya ci ni ke nan har abada, kuma ba inda zan ɗaukaka ƙara. Mutum goma sha ɗayan da na kora su ma sun tsaya mini a rai, musamman gwauruwar nan, wadda ta roƙe ni da takardar asibiti a hannu na karanta mata Sashe na Biyu.

Saboda haka Jam'iyyar Idon Ruwa tana sanar da cewa ɓauren Ndolwa da aka sani da lamba ɗaya dashen Marigayi Mzee Elikana Mwakughu ne, kuma za a gyara allon da ke jikinsa. Mwalimu Crispus Mwaluma Righa ya fita daga jam'iyya tun ƙarshen daminar Maris ta 1993, damina ta biyu bayan bushewar dashensa, tunda sau biyu ake damina a shekara a nan, bisa jimlar da shi da kansa ya rubuta. Riƙon jam'iyya, bisa Sashe na Shida, ya koma hannun Mataimakiyar Shugaba, Mai Girma Kansila Peninah Mshai, tunda babu sauran mamba mai rai da ke gabanta a lamba, mai itace lamba goma sha biyu, wanda na je da kaina jiya na duba, yana raye, kuma shaidu uku sun ga ranar da ta cire ledarsa. An kuma miƙa wa Kwamitin Zartarwa buƙatar a sake duba maganar mutum goma sha ɗayan nan, da shawarar da Marigayi ya kawo a 1993 aka yi masa dariya.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe goma na safe a cocinsu na Mgange, a binne shi a gonarsa. Iyali sun roƙi kada a kawo furannin roba, kada kuma a buga hotonsa da ƙusa a jikin itace. Mai son girmama shi ya zo da dashe ɗaya na asali, ruwan Afrilu na sauka, ƙasa ta yi laushi.

Muna roƙon Ubangiji Mai Jinƙai ya karɓi bawansa Elikana, ya ba shi hutu a wurin da ruwa ba ya ƙafewa. Ya ba Mama Mkamburi ƙarfin zuciya, ita da ta riƙe sirri shekara talatin da biyu tana ba ni shayi tana sauraron laccata, ya dafa wa 'ya'ya da jikoki, ya ba rassanmu juriyar wannan babban rashi. Ya kuma yafe wa waɗanda suka zauna a inuwar mutum suna jin haushinsa.

Bayan an tashi daga kabari zan wuce Ndolwa da dashe ɗaya, in nemi wuri a gefen dutse kusa da lamba bakwai. Shekarata saba'in da huɗu, in Allah ya ara mini uku zan karɓi katina. Mama Mkamburi ta ce za ta zo ta tsaya a kaina, ta ga na cire ledar da idonta.

Sa hannu:
Mwalimu Crispus Mwaluma Righa,
Sakataren Yaɗa Labarai kuma Kakakin Jam'iyyar Idon Ruwa har zuwa ƙarshen wannan takarda,
Mai neman shiga jam'iyya, lamba dubu huɗu da ɗari biyu da tara,
Wundanyi.